Wata biyu ina saƙa da warwara a kan aikin Riyad

Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Makka ne, aiki ya zaunar da ni a Jidda. Shekarata tara da wata huɗu a wata sharika ta gyaran mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), yanzu ni ke shugabantar yara shida, albashina riyal 5,400. Ina da mata da 'ya'ya uku, duk a kan igamata (takardar izinin zama) suke. Wata biyu da suka wuce wata sharika a Riyad ta yi min tayin aiki a kan riyal 7,000. Tun ranar ban sake barci mai daɗi ba. In na ce zan tafi, sai in tuna saura wata takwas in cika shekara goma a ba ni haƙƙina na ƙarshen aiki cikakke. Sai in tuna mudirina bai taɓa riƙe min albashi ba ko na kwana ɗaya, waɗancan kuwa ban san halinsu ba. In suka sallame ni bayan wata biyu fa? Kada garin neman gira in rasa ido. In kuma na ce zan zauna, sai in tuna kuɗin igamar iyali da haya sun kusa cinye albashin. Na yi istihara ta fi a ƙirga, ban ga komai a mafarki ba. Na tambayi abokai, kowa da tasa. Shekara biyu baya ma an taɓa yi min wani tayin mai ƙarin riyal 1,200, ina cikin tunani aka ba wani. Ga Hajiyata a Shara Mansur a Makka, duk Juma'a nake zuwa gaishe ta. Sun ce in ba su amsa kafin ƙarshen wata. Yaya zan yi in raba kaina da wannan zullumi?

Ɗan'uwanka daga Jidda

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya yaye maka, ya zaɓa maka mafi alheri.

Abin da ya fara tsaya min a wasiƙarka shi ne wannan: wata biyu cur kana tunani, amma ko a wuri ɗaya ba ka ce ka buɗe kwantiraginka ka duba ranar da zai ƙare ba. Alhali rabin abin da ke hana ka barci a kan wannan ranar ya rataya. Ba gori nake yi maka ba. Haka zullumi yake yi wa kowa, ya gajiyar da mutum har ya ɗauka ya yi aiki, bayan ko nan da can bai motsa ba. Kai da kanka in an kira ka kan mukayyif da ya daina sanyi, ba ka tsayawa a gabansa ka harɗe hannu kana cewa wataƙila gas ne, wataƙila kwamfireso ne, har rana ta faɗi. Awo kake ɗaukowa ka jona, cikin minti biyar ka san inda matsalar take. To maganar Riyad ma tana da wuraren da ake jona awo, kuma har yau ba ka jona ba.

Tambayoyin da ke damun ka iri biyu ne, ka cakuɗa su wuri ɗaya. Akwai waɗanda amsarsu tana rubuce a takarda ko tana bakin wani mutum da za ka iya kira yau. Akwai kuma waɗanda babu mai amsarsu sai Allah. Mu fara da na farkon, tunda su ne masu sauƙi.

Haƙƙin ƙarshen aiki tukuna. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ce a lissafa wa ma'aikaci rabin albashin wata a kowace shekara ta shekaru biyar na farko, daga nan kuma albashin wata guda a kowace shekara, bisa albashinsa na ƙarshe. In muka ɗauki 5,400 ɗinka, shekaru biyar na farko sun ba ka 13,500, shekara huɗu da wata huɗu da suka biyo baya sun ba ka 23,400. Jimla riyal 36,900. Wanda ya ajiye aiki da kansa tsakanin shekara biyar da goma, kashi biyu cikin uku ake ba shi, wato 24,600. Ke nan abin da kake tsoron rasawa riyal 12,300 ne. Kuɗi ne, ban raina su ba. Amma ƙarin da Riyad za ta ba ka 1,600 ne duk wata, kafin wata takwas ya cika ka mayar da su. Ka lura kuma da wani abu: tun watan Yuli na 2020 kuɗin da ake biya kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar baƙo ya kai riyal 400 a wata, bayan ya faro daga 100 a 2017. Mace ɗaya da yara uku, 1,600 ke nan. Ƙarin nan shi kaɗai ya ɗauke maka wannan nauyin gaba ɗaya.

Ga inda ranar ƙarewar kwantiragi ta shigo. Kwantiragin wanda ba ɗan ƙasa ba mai wa'adi ne. In wa'adin ya cika ka sanar da su a kan lokaci cewa ba za ka sabunta ba, ba a lissafa ka cikin waɗanda suka ajiye aiki, haƙƙinka cikakke za ka karɓa ko ba ka kai shekara goma ba. In kuwa ka katse shi a tsakiya ba tare da dalilin da doka ta yarda da shi ba, sharika tana iya neman diyya, kuma in kwantiragin bai faɗi adadi ba, diyyar tana iya zama albashin watannin da suka rage. Ka ga a nan ne asara ta gaskiya take iya ɓuya, a wurin da ba ka ma kalla ba. Ka buɗe Qiwa, manhajar gwamnati da ake ajiye kwantiragin ma'aikata, a wayarka yau ka karanta. In wani abu ya shige maka duhu, ka kira ma'aikatar ƙwadago a 19911, ko ka leƙa shafinta, akwai wurin lissafa haƙƙin ƙarshen aiki. Tun watan Maris na 2021 ma'aikacin sharika da ya cika sharuɗɗa yana iya komawa wata ba sai kafili ya amince ba, don haka ba roƙo za ka je yi ba. Amma mutumin da ya shekara tara bai riƙe maka albashi ba ya cancanci ya ji daga bakinka kafin saƙo ya faɗo masa a waya.

Su kuma mutanen Riyad, halinsu ba gaibu ba ne. Sharikar da ke gyaran mukayyif tana da ma'aikata, ma'aikatan suna da waya. Ka nemi biyu ko uku, musamman wanda ya bar wurin, ka tambaye su ranar nawa ga wata albashi ke shiga, ana biyan kuɗin ƙarin lokaci ko ba a biya, mutum nawa aka sallama bana. Ka tambayi sharikar a rubuce: 7,000 ɗin nan har da kuɗin gida ne ko ban da shi, inshorar lafiya ta haɗa da iyali, lokacin gwaji kwana nawa ne. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi da kyau, domin yana iya kaiwa kwana 180, kuma a cikinsa sallama ba ta da wuya. Haya a Riyad ta fi ta Jidda zafi, kowa ya sani, to ka samo farashin shagga (gidan haya) irin wadda za ta ɗauke ku a unguwar da za ka iya zama, ka cire daga ƙarin. Wataƙila 1,600 ɗin ya koma 900. Wataƙila ya narke duka, maganar ta mutu da kanta, ka huta. Ka kuma tambaye su ko za su jira ka zuwa ƙarshen kwantiraginka. Mutane da yawa ba sa yin wannan tambayar don tsoron kada a ce a'a, alhali in an ce a'a ɗin ma ba abin da ya ragu.

Duk wannan aikin kwana huɗu ne zuwa biyar.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji. Kana ganin kamar zaman da kake yi shi ne tudun mun tsira, tafiya ce kaɗai ke da hatsari. Shi ya sa duk lokacin da ka kasa yanke shawara kake jin kamar aƙalla ba ka yi asara ba. Ka yi. Tayin da ya wuce ka shekara biyu baya, ƙarin 1,200 sau wata 24, riyal 28,800 ke nan. Ya ninka 12,300 ɗin da ke hana ka barci har da ɗoriya. Amma ba ka taɓa yin kwanan zaune a kansu ba, saboda ba su taɓa shiga aljihunka ba balle ka ji fitarsu. Ban ce wancan aikin lalle alheri ne ba, mai yiwuwa Allah ya kare ka ne daga wani abu. Abin da nake cewa shi ne ba kai ka ƙi shi ba. Lokaci ne ya yanke maka hukunci kana zaune, kuma ƙarshen watan nan yana shirin sake yi maka haka.

Wannan hali ba naka ba ne kai kaɗai. Wasu masana halayyar ɗan'adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna tun 1979 cewa mutum ba ya auna riba da asara da mudu ɗaya. Binciken da suka ci gaba da yi ya kai su ga cewa zafin rasa abu ya kai kusan ninki biyu na daɗin samun irinsa. Kahneman ya karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002 saboda irin wannan aiki. Ma'anarsa a wurinka ita ce, in zuciyarka ta ɗora abin da za ka bari a Jidda da abin da za ka samu a Riyad a kan sikeli, ta riga ta danna ɓangare ɗaya da yatsa tun kafin a fara awo. Sanin haka ba ya kashe tsoron, amma yana sa ka daina ɗaukar ƙarfin tsoro a matsayin shaidar girman hatsari. Shi ya sa na ce ka rubuta lissafin a takarda, gefen tafiya da gefen zama, kowanne da asararsa. A cikin kai, gefen zama kullum fari tas yake fitowa.

Sai iri na biyu, tambayoyin da ba su da amsa a wurin kowa. Shin sharikar Riyad za ta kai shekara biyar a tsaye? Shin za ka shirya da sabon mudir? Ita ma ta Jidda, wa ya ba ka tabbacin mudirinka ba zai sayar da ita baɗi ba, ko 'ya'yansa su karɓa su zo da nasu mutanen? Ko ka shekara kana juya waɗannan, ba za ka ƙaru da komai ba, domin amsar ba ta riga ta faru ba. A nan ne wurin tawakkali, kuma a nan ne nake ganin ka ɗora wa istihara aikin da ba nata ba.

Hadisin istihara da Bukhari ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi ya koyar da raka'a biyu ba na farilla ba, sannan addu'a. Babu maganar mafarki a cikinsa. Abin da kake roƙo a addu'ar shi ne, in al'amarin alheri ne Allah ya ƙaddara maka shi, ya sauƙaƙa, ya sa albarka, in sharri ne ya kawar da shi daga gare ka, ya kawar da kai daga gare shi, ya ƙaddara maka alheri a duk inda yake, sannan ya sa ka yarda da shi. Sauƙaƙawa da kawarwa a kan hanya ake ganin su, wanda ya ɗaga ƙafa shi ke gani. Kai kuwa ka yi addu'ar ka koma ka kwanta kana jiran a nuna maka Riyad cikin barci, da ba ka gani ba ka sake, ka sake. A ƙarƙashin wannan maimaitawar akwai wata buƙata da ba ka furta ba: so kake a ba ka takardar tabbacin cewa ba za ka yi asara ba. Wannan takardar ko Annabawa ba a ba su ba.

Dubi Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi shawara da sahabbai. Ra'ayinsa shi ne a tsaya a cikin Madina, amma da yawa, musamman waɗanda Badar ta wuce su, suka matsa a fita. Ya shiga gida ya sa sulke. Da ya fito sai suka ji nauyi, suka ce in ya ga dama a fasa. Ya nuna musu cewa bai kamaci Annabi ba, in ya riga ya sa sulkensa, ya cire kafin a gwabza. Aka fita, aka rasa sahabbai 70, har da Sayyidina Hamza. To bayan duk wannan ne aya ta 159 ta Ali Imrana ta zo tana cewa ya ci gaba da shawara da su, in kuma ya ƙudura niyya ya dogara ga Allah. Waɗanda suka zauna suna cewa da an bi tamu da ba a kashe su ba, surar ta faɗi ko su wane ne. Abin da nake so ka ɗauka shi ne, ana iya bin hanyar da ta dace wajen yanke shawara kuma a gamu da asara, wannan bai mayar da shawarar kuskure ba. Kai abin da ya fi razana ka ba talauci ba ne, ranar da za ka ce wa kanka ni na jawo ce. In ka bincika abin da ake iya bincikawa, ka yi shawara, ka yi istihara, to ko me ya biyo baya ba ka da wannan tuhumar a wuyanka. Hadisin Abu Huraira a Muslim ya gama maganar: ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gaza, in wani abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, domin wannan yana buɗe wa Shaiɗan ƙofa.

Shawara kuma, ka rage yawan bakuna. An ce shawara ɗaukar ɗaki, amma ba kowa aka ce ka kira ba. Abokan majalisa kowa tsoronsa yake ba ka ko burinsa: wanda aka taɓa cuta a Riyad zai ce kada ka je, wanda ya gaji da Jidda zai ce me kake jira. Babu ɗayansu da zai biya maka haya. Mutum biyu ne za su ɗauki wannan hukunci tare da kai, kuma wasiƙarka ba ta ce ka zauna da ko ɗaya ba. Ta farko mai ɗakinka. Ita za ta bar maƙwabtanta, ita za ta nemo wa yara makaranta, ita ce kuma ta fi kowa sanin yadda 5,400 ke ƙarewa kafin 25 ga wata. Kada ka kai mata maganar bayan ka gama, ka zauna da ita da takardar a gabanku.

Ta biyu Hajiya. Layi ɗaya ka ba ta a wasiƙarka, can wajen ƙarshe, bayan ka cika shafi da lissafin riyal. Ina kyautata zaton wannan layin ya fi sauran duka nauyi a zuciyarka. Daga Jidda zuwa Makka tafiyar kamar awa ɗaya ce, ko da dare aka kira ka za ka iso. Daga Riyad kuwa ta haura kilomita 800, ko a jirgi sai ka yi fiye da awa ɗaya da rabi a sama, ban da zaman jira. Gaisuwar kowace Juma'a za ta koma ta wata-wata in an yi sa'a. Wannan asara ce ta gaske, kuma ba ta shiga lissafin da na yi maka a sama. Idan Hajiya tana fama da jiki kuma babu wani ɗa ko 'ya kusa da ita, to ni a ganina ka zauna, ka faɗa wa kanka a fili cewa ka sayi kusanci da mahaifiyarka da riyal 1,600 a wata, kuma ka yi ciniki mai kyau. Idan tana da ƙarfinta kuma 'yan'uwanka suna kewaye da ita, ka je Juma'ar nan ka faɗa mata komai, har da adadin kuɗin. Kada ka amsa a madadinta. Iyaye mata sukan san ƙuncin 'ya'yansu fiye da yadda 'ya'yan ke zato, kuma in ta sa maka albarka, rabin nauyin ya sauka.

In ka tambaye ni ra'ayina: muddin kwantiraginka ya kusa ƙarewa ko sun yarda su jira, ma'aikatansu sun ba da shaida mai kyau, ƙarin bai narke a haya ba, Hajiya kuma ta yarda, to ka tafi. Ka fara zuwa kai kaɗai har lokacin gwaji ya wuce, iyali su zauna a gidan Jidda, kuɗin ƙarshen aikin kuma kada ka taɓa su. Ko 24,600 ɗin kaɗai aka ba ka, sun fi albashinka na yanzu na wata huɗu. Mai gyaran mukayyif da ya ƙware, a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 duk bazara, ba ya cikin masu daɗewa ba aiki. Wannan ita ce amsar in suka sallame ni fa. Ka bi tambayar har ƙarshenta sau ɗaya a takarda, maimakon ka tsaya a bakinta kowane dare.

Ka sa wa kanka rana, kwana uku kafin wa'adinsu, ka gaya wa mai ɗakinka ranar don ta riƙe ka da ita. Kafin nan, ka ware wa maganar rabin awa bayan la'asar, da biro da takarda. In ta taso maka da tsakar dare, ka rubuta abin da ya taso a layi ɗaya ka ajiye wa gobe. Bayan ka aika amsa, tsoro zai dawo, wataƙila ma ya fi na da a kwanakin farko. Ka'idar ita ce ba ka sake buɗe maganar sai in wani sabon bayani ya zo wanda ba ka da shi a da. Faɗuwar gaba ba sabon bayani ba ce.

Abu ɗaya kuma da ba zan tsallake ba. Ka ce wata biyu ba ka yi barci mai daɗi ba. In ka ga bayan an gama da wannan zullumin ya koma kan wani abu, yau lafiyar yara, gobe mota, jibi ko ka kulle ƙofa, ga bugun zuciya ga rashin cin abinci, to ka ga likita. Damuwa irin wannan cuta ce da ake magani, ba raunin imani ba ce. Kana da inshora, kuma layin ma'aikatar lafiya 937 yana aiki dare da rana.

In kuma lissafi ya nuna zama ya fi, ka kira mutanen Riyad da kanka ka gode musu ka ce a'a, kada ka bari wa'adi ya wuce shiru kamar wancan karon. Sannan ka nemi ganin mudirinka, ka nuna masa takardar tayin cikin ladabi, ka ce ka zaɓi zama da shi amma nauyin iyali ya yi maka yawa. Sharikar da ta ga wata ta yi wa ma'aikacinta kuɗi 7,000 ta san abin da za ta kashe kafin ta samu wanda zai riƙe mata yara shida. Ko 500 ya ƙara, a sa a cikin kwantiragi a Qiwa, domin da albashin ƙarshe ake lissafa haƙƙinka.